Alƙali Ya Ce Wata Shida, Unguwa Ta Ce Har Abada



Hukuncin alƙali yana da ranar ƙarewa. In ya ce wata shida, ganduroba zai yi lissafi, ranar da ta cika a buɗe ƙofa a ce wa yaro ya kama gabansa. Hukuncin da mu mutanen unguwa muke yankewa shi ne ba shi da wa'adi, ba lauya a cikinsa, ba a kuma ɗaukaka ƙara. Matashin da aka sako daga gidan yarin Ƙofar Doka yakan hau mota ya ratsa Tudun Wada, ya sauka a Sabon Gari ko ya wuce Kwangila ya nufi Samaru, yana murna ya biya bashin da ake bin sa. Bai san yanzu ne za a fara karɓar kuɗin ruwa a hannunsa ba.

Maganar da zan tsaya a kanta a wannan mako ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba: yawancin yaran da suke fitowa su sake komawa, da hannunmu muke mayar da su. Ba mu ɗauki sanda mun kora su ba. Tambaya guda muke yi musu, wadda muka san ba su da amsarta, sai mu kakkaɓe hannu mu ce ai ba mu hana kowa neman halaliyarsa ba. Tambayar ita ce: wa zai tsaya maka?

Kafin mu je kanta, mu fara sanin su wa muke kira 'yan gidan yari. Shekara da shekaru alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali suna nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Nijeriya jiran shari'a suke yi. Ba a same su da laifi ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar. Amma yaron da ya yi shekara yana jiran a kawo fayil, daga baya aka kori ƙarar ko babban jojin jiha ya sallame shi a ziyarar rage cunkoso, in ya dawo Hayin Dogo ba wanda zai nemi ganin takardar kotu. Ya kwana a ciki, shi ke nan, suna ya manne.

Sai kuma waɗanda talauci ya ɗaure. A watan Nuwamba na 2023 Ministan Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya sanar da cewa an tara naira miliyan 585 domin biyan tarar fursunoni 4,068 a sake su. Ku raba kuɗin da yawan mutanen, za ku samu kimanin naira dubu 144 a kan kowane mutum. Kuɗin wayar hannu guda ke nan, kuma ba irin ta manya ba. Yara biyu ake kamawa a dare ɗaya, a lungu ɗaya, da ƙullin wiwi iri ɗaya. Uban ɗaya ya isa caji ofis kafin asuba, magana ta mutu a can, bayan shekara biyar a ɗaura wa yaron aure ana yabon tarbiyyarsa. Ɗayan maraya ne, uwarsa ƙosai take toyawa, ya wuce bayan kanta, ya wuce kotu, ya kasa biyan tara. Shi ne muke nuna wa 'ya'yanmu da baki muna cewa kada a kuskura a zauna da shi. Laifinsu ɗaya, aljihun iyayensu ne ya bambanta. Tun daga caji ofis abin da ya raba su shi ne wannan yana da mai tsaya masa, wancan ba shi da shi.

To, mu bi shi bayan ya fito mu ga ƙofofin da zai ƙwanƙwasa.

Duk wanda ya san Samaru ya san cewa abincin matashi marar takarda yana rataye da jami'a da kasuwa. Ɗaukar ɗalibai a babur ko Keke Napep, gyaran waya, tsaron shagon hoto da buga takardu, zaman POS, gadin gidajen hayar ɗalibai, wanki da guga, leburanci a wurin gini. A Sabon Gari kuma akwai yaron shago, ɗan dako, gareji, walda, kafinta, faci. A cikin waɗannan duka, nuna mini guda ɗaya da ake shiga ba tare da wani ya ce "na san shi, na tsaya masa" ba. Mai Keke ba zai miƙa makullin abin da ya kashe miliyoyi a kansa ba sai an kawo garanto, mai gida ko ma'aikaci, wanda za a kama in balas ya daina zuwa. Mai POS kuɗi tsaba zai damƙa wa yaro kullum safiya. Ubangida a gareji zai tafi sayen kayan gyara ya bar shi da motocin mutane. Mai gidan haya a Ɗanraka ko Dogon Icce sai ya tambayi wanda ya kawo ka kafin ya nuna maka ɗaki. Arzikin garinmu kacokan a kan lamuni yake tafiya. Wannan ba aibi ba ne, haka mutanen da ba su da inshora suke kare dukiyarsu. Aibin shi ne yaron da ya fito daga gidan yari shi kaɗai ne tsarin bai bar wa ko taga ba. Kawunsa ya ce ya gaji. Yayansa yana tsoron a ƙwace masa nasa babur ɗin. Limamin da ya yi masa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi ya ce sai an ga kamun ludayinsa tukuna. Ta yaya za a ga kamun ludayin wanda aka hana ludayi?

In ya ce bari ya nemi aikin gwamnati, can ma ƙofa a rufe take. A nan Zariya Defot ɗin sojan Nijeriya yake, yaron Sabon Gari ya tashi yana ganin kuratan soja da idonsa. Sharaɗin shiga soja ko ɗan sanda ya haɗa da cewa kotu ba ta taɓa samun mutum da laifi ba, ga kuma fom ɗin masu tsayawa. Ba na jayayya da a tace wanda za a ba bindiga. Jayayyata ita ce a ƙasarmu laifin da yaro ya yi yana ɗan shekara 18 ba shi da ranar gogewa: wanda ya saci kaza da wanda ya yi fashi, amsa ɗaya za su rubuta a gurbi ɗaya, har su tsufa.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ba a ganinsu sai an shiga takalmin mutum. Ya fito ba waya, layinsa ya daɗe ba a amfani da shi har an sayar wa wani. Katin shaidarsa ya ɓace tun ranar kamu. Makaranta ta cire sunansa, ƙannensa sun wuce shi aji. Ɗakinsa na soro an ba wani. In yana shan ƙwaya kafin a kama shi, ba wanda ya yi masa magani a ciki, ga shi ya dawo layin da dillalin yake. In ya je masallaci ya ga mutum ya janye takalminsa ya shiga da shi sahu. In an fasa shago a unguwa, ƙofarsa 'yan sintiri za su fara bugawa, ko da a daren yana jinyar uwarsa. In ya nemi aure, masu bincike ba sa wuce mutum biyu a dawo da kayan. Kowane ɗaya cikin waɗannan ƙarami ne. In aka tara su a kan ɗan shekara 20 da ba shi da na karin kumallo, sun isa su karya shi.

Yanzu ku tambayi kanku: a duk unguwar, wa ke yi masa maraba ba tare da ya nemi garanto ba? Tsohuwar majalisarsa ta bayan layi. Dillalin ƙwaya, wanda zai ba shi kaya bashi a ranar farko. Mai sayen wayar sata. Ɗan siyasar da ke neman yara masu taurin kai in zaɓe ya ƙarato, wanda a wurinsa zaman gidan yari ma takardar shaidar ƙwarewa ce. Mutanen banza sun fi mu saurin ba da amana, shi ya sa suke cin kasuwar. Mu masu sallah a sahun gaba mun ce sai ya gyaru za mu karɓe shi, su kuwa sun karɓe shi yadda yake. Ranar da aka sake kama shi sai mu gyara zama mu ce, "Ai dama mun faɗa." Mun faɗa, mun kuma yi duk abin da zai sa maganarmu ta tabbata.

Kada gwamnati ta ɗauka ta tsira. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa hukumar gyaran hali. Dokar a takarda tana da kyau ƙwarai. Ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki, da sakin mutum bisa sharaɗi kafin wa'adinsa ya cika, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta. Ta hana a haɗa yara da manya a wuri ɗaya. Ta ce a samar da gidan horon matasa, na maza daban na mata daban, a kowace jiha. Har ta tanadi takardar shaidar kyawun hali ga wanda ya nuna ya gyaru, ta ce kada a nuna wa mai riƙe da ita bambanci saboda zaman da ya yi. Madalla. Sai dai ku ɗauki wannan takarda ku kai wa mai shagon atamfa a kasuwar Sabon Gari ku ji abin da zai ce. Zai ce takarda ba ta biyan asara, kuma gaskiyarsa. An canza allon ƙofa, an rubuta haƙƙi, ba a ajiye ko kwabo a bayan haƙƙin ba.

Gidajen Bostal, waɗanda dokar 1962 ta tanada domin matasa 'yan shekara 16 zuwa 21, uku ne aka sani suna aiki tsawon shekaru a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200: na Barnawa a Kaduna, da na Ilori, da na Abekuta. Ingila, inda muka aro tsarin har da sunansa, ta soke shi tun da dokar 1982. Mu ko cika wanda muka aro ba mu yi ba. A watan Maris na 2023 an gyara Tsarin Mulki yadda jihohi ma za su iya kafa nasu gidajen gyaran hali, don haka uzurin "wannan hurumin Abuja ne" ya ƙare. Hukumar takan raba wa wasu da suka koyi sana'a a ciki keken ɗinki ko injin walda. Abu ne mai kyau, amma keken ɗinki ba ya biyan hayar shago, ba ya kuma sa matar da ta san inda telan ya fito ta kawo masa ɗinkin sallah.

Ku tuna abin da ya faru ranar 1 ga Nuwamba, 2024. An gurfanar da yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, galibinsu daga Kano da Kaduna, bayan kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka ba da belinsu a kan naira miliyan 10 kowanne, da masu tsayawa biyu, ɗaya ya zama ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi na 15 ko sama. Kun ji tambayar nan tamu ta bayan layi, ta sa rigar lauya ta shiga kotu. Yaron da ko takalmin kirki ba shi da shi, ina ya san darakta? Da hotunan suka zagaya duniya, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su, aka miƙa su ga gwamnoninsu. Gwamnatin Kaduna ta ba mutum 39 naira dubu 100 da waya kowanne, tare da alkawarin ci gaba da tallafa musu. Na yi musu murna. Amma waɗannan kyamara ce ta tsaya musu. Wanda aka sako daga Ƙofar Doka a makon nan, ba ɗan jarida, ba gwamna, ba ambulan, shi fa?

Rashin wurin da za a kai yaro shi ya cika gidajen mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Aka bi da irin wannan samame a Daura da Katsina, har da nan Zariya. Mafi yawan waɗanda aka samu a ciki iyayensu ne suka kai su, suna biyan kuɗi. Rufe wuraren azabtarwa daidai ne. Tambayar da har yau ba a amsa ba ita ce, me aka buɗe a madadinsu? Uwar da ɗanta ya fito daga ɗauri yana ƙaiƙayin ƙwaya, ta kai shi ina?

Na san abin da wasunku za su ce, kuma ba zan raina shi ba.

Na farko zai ce: kai ba a taɓa ɗora maka wuƙa a wuya an karɓe wayarka ba. Akwai gidajen da aka kawo musu gawar ɗansu saboda waya, akwai ɗalibar da har yau ba ta iya bin layin da aka tare ta. Waɗannan su ne suka fi cancantar tausayi, kuma duk maganar gyara da ta tsallake su ƙarya ce. Ban ce a saki mai kisa ba, ban ce a rage wa kowa hukunci ba. Magana nake a kan wanda doka ta riga ta sallama. Zai dawo ko muna so ko ba ma so, kuma layinmu zai dawo, ba layin minista ba. Zaɓi biyu ne ya rage: ya kwana a gajiye saboda ya yini a gareji, ko ya kwana a farke saboda yunwa. Wanne ya fi wa ƙanwarka mai dawowa daga lacca da magariba aminci? Ko ba ka da ɗigon tausayinsa, son kanka ma ya isa ya sa ka so ya samu abin yi.

Na biyu zai ce: mai hali ba ya barin halinsa. Karin magana ce, ba aya ba. Bahaushen da ya faɗe ta shi ne kuma ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan shekara 19 ɗanye ne shakaf. Kowannenmu ya san dattijon da a yau ake ba shi sulhun aure, alhali a ƙuruciyarsa unguwa ba ta barci saboda shi. Abin da ya cece shi, in ka bincika, mutum guda ne da ya ce "kawo shi wurina". Abin mamaki, mu ne muke hawa mumbari muna cewa ƙofar tuba a buɗe take har rai ya zo maƙogwaro, mu sauko mu kulle ƙofar shagonmu. Mun yarda Allah zai yafe masa, mu ne dai ba za mu yafe ba. Kuma a cikin ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, wanda aka ɗaure bisa ƙage, akwai darasin da muke tsallakewa: da aka aiko a fito da shi, bai fito ba sai da aka binciki maganar aka wanke sunansa. Fita daban, wanke suna daban. Yaranmu da aka kori ƙararsu fita kawai suke samu.

Na uku zai ce: masu digiri ma suna yawo ba aiki, sai ɓarawo za a fifita? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, domin Samaru cike take da masu kwalin da ke tuƙa Keke. Amma ba fifiko nake nema ba. Mai digiri yana da wanda zai sa masa hannu ya karɓi Keken. Abin da nake nema a ba wancan shi ne damar shiga layi kamar kowa. Kuma kuɗin da ake ciyar da shi in ya koma ciki, da na 'yan sintiri, da na ƙyauren ƙarfen da muke ta ƙarawa a shaguna, daga aljihun wa suke fita?

Na huɗu zai ce: to kai ka tsaya masa mana. A nan ne nake ganin mafitar take. Ba adalci ba ne a ce mutum ɗaya ya jingina gidansa a kan yaron da ya taɓa faɗuwa. Nauyin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, taro ke ɗaukarsa, kuma wasu ƙasashe sun gane haka tuntuni. A Japan akwai mutanen unguwa sama da dubu 40 da ake kira hogoshi, 'yan sa-kai marasa albashi, waɗanda dokar 1950 ta ba su matsayi. Tun kafin a saki mutum suke zuwa su duba gidan da zai koma da aikin da zai kama, in ya fito kuma su riƙa zama da shi a kai a kai, sau da yawa a cikin gidajensu. Singafo ta fara shirin Yellow Ribbon a 2004 domin shawo kan masu ɗaukar ma'aikata da iyalai su karɓi waɗanda suka fito. Ingila tana da dokar 1974 wadda ta ce in mutum ya yi wasu shekaru bai sake laifi ba, ƙaramin hukuncinsa ya goge, ba dole ya ambace shi a yawancin neman aiki ba, kuma wa'adin ya fi gajarta ga wanda ya yi laifin yana yaro. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya gagari al'ummar da ta iya adashi, ta iya gayya, ta iya haɗa kuɗin gyaran taransifoma cikin mako guda.

Ga abin da nake ganin unguwa ɗaya za ta iya farawa ba tare da jiran kowa ba.

A kafa asusun lamuni. Mai unguwa, liman, fasto, shugaban 'yan Keke, wakilin 'yan kasuwa da wata dattijuwa da ake jin maganarta su zama su ne garanto a dunƙule. Samaru da Sabon Gari gari ne na kowa da kowa, gidan yari kuma ba ya tambayar addini. In ubangida ya ɗauki yaro ya yi masa ɓarna cikin wata shidan farko, asusu ya biya har zuwa wani adadi da aka amince. Da haka tsoron mai shago ya samu amsa da kuɗi, ba da wa'azi ba.

A fara tun yaro yana ciki. Ranar fitarsa sananniya ce. Wata guda kafin nan a san inda zai kwana, wanda zai je ɗauko shi, da wurin da zai kama aiki a makon farko. Kwanakin farko su ne mafi haɗari, domin duk wanda ya riga isa gare shi shi ne ubangidansa.

A fara da wanda aka zalunta. In akwai wanda ya cuta a unguwar, kuma mutumin ya yarda, a kai yaron gabansa ya nemi gafara, a tsara yadda zai biya daga abin da yake samu. In bai yarda ba, kada a matsa masa. Lamunin kuma da sharaɗi yake: zuwa aiki, barin tsohuwar majalisa, zuwa asibiti in akwai shaye-shaye. Wanda ya karya ya san abin da ya rasa. Tsayawa mutum ba shagwaɓa shi ba ce, sa masa ido ne daga kusa.

A ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabtanmu manya. Cibiyar nazarin fata da kimiyya tana Samaru, Kwalejin Aikin Gona tana Samaru, masu koyon lauya suna Kongo, likitocin ƙwaƙwalwa suna Shika. Garin da ya tara wannan ilimi tun kafuwar Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 bai kamata a ce ya rasa gurbin koyon jima, ɗinkin takalmi ko kiwon kaji ga yara goma a shekara ba. A nema a rubuce, da sa hannun unguwa, a ga wanda zai ce a'a.

A matsa wa 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya su kawo dokar goge ƙaramin laifin ƙuruciya bayan wasu shekaru, da ba wanda kotu ta sallama takardar da ke cewa ba a same shi da laifi ba. Suna zuwa neman ƙuri'a, yaran nan kuma su ne suke riƙe musu fasta.

Mu kuma masu riƙe da alƙalami, akwai namu kason. A labaranmu da finafinanmu, da zarar alƙali ya buga guduma an tafi da mugu, sai a rubuta "alhamdulillahi" a rufe. Mun koya wa masu karatu cewa rayuwar mutum tana ƙarewa a ƙofar gidan yari. A gaskiya ranar fita ce labarin yake farawa, kuma a ranar ba shi kaɗai ake jarrabawa ba, har da uwarsa, da maƙwabcinsa, da mai shagon da ke bakin layi.

Ban yi alkawarin duk wanda aka tsaya wa zai miƙe ba. Wani zai ci amana, asusu ya yi asara, masu dariya su yi dariya. Amma hanyar da muke kai yanzu mun gwada ta shekara da shekaru, ga sakamakonta muna gani: katanga tana ƙara tsawo, shaguna suna rufewa da wuri, yaro ɗaya yana shiga yana fita har ganduroba ya san shi da suna. Wanda yake ganin korar ta fi, ya kawo hujjarsa a ƙasa mu tattauna, amma ya haɗa da amsar tambaya guda: in ba wurinmu ba, wurin wa yake so yaron ya je?

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa kada ranar ta zo da namu ɗan zai tsaya a ƙofar wani ana tambayarsa wa zai tsaya masa.